Salsala Biyu ga Gida Ɗaya: Bin Diddigin Asalin Gidan Paston na Ƙasar Ingila

1. Gabatarwa

Ilimin salsala, watau bin diddigin nasabar mutum daga uba zuwa kaka har iyakar inda shaida ta tsaya, tsohon fanni ne wanda masana tarihi suke dogara da shi ƙwarai, suna kuma yi masa kallon tsanaki. Dalilin dogaron a fili yake, domin ta wannan hanya ake sanin yadda ƙasa da sarauta da dukiya suke sauya hannu. Dalilin tsanakin kuwa shi ne, da wuya a sami wanda ya zauna ya tsara salsala ba da wata bukata a ransa ba, ko dai ta neman gado, ko ta kare mutunci, ko kuwa ta zubar da mutuncin wani.

Wannan maƙala za ta ɗauki gida guda daga karkarar Ingila, watau gidan Paston na lardin Norfolk, ta bi shi tun daga wani manomi da ya rasu a 1419 har zuwa basaraken da babban reshen gidan ya ƙare a kansa a 1732. Mutum 12 ke nan a jere, ɗa bayan uba. An zaɓi wannan gida saboda dalilai biyu. Na farko, mutanensa sun bar wasiƙu da takardu fiye da 1,000, yawancinsu na tsakanin 1422 da 1509, kuma babu wani gida na Ingila a wancan ƙarni da ya bar kwatankwacin haka. Na biyu, a cikin ƙarni na 15 an rubuta wa gidan salsala biyu masu karo da juna: ɗaya ta ce jikokin manomi ne da baiwa, ɗaya kuma ta ce jinin manya ne tun zamanin da mayaƙan Normandi suka ci Ingila a 1066. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowace daga cikin salsalolin nan makami ce da aka ƙera don rigimar ƙasa, kuma mai bincike ba ya samun abin riƙewa sai ya auna su da takardun da aka rubuta don wata bukata dabam.

2. Kayan Aikin Mai Bincike

Wanda yake neman asalin wani gida na karkarar Ingila daga na baya-bayan nan yake farawa, ya yi ta komawa baya. Tun daga 1837 gwamnati take rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma ƙidayar 1841 ita ce ta farko da aka adana sunayen mutanen kowane gida a duk ƙasar. Gabanin wannan sai littattafan majami'u, waɗanda suka samo asali daga umurnin da Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya bayar a 1538, cewa kowane limamin coci ya riƙa rubuta sunan wanda aka yi wa baftisma da wanda aka ɗaura wa aure da wanda aka binne. Salsalar yawancin talakawa a nan take tsayawa, sau da yawa ma ba ta kaiwa nan, domin da yawa daga littattafan farko sun salwanta. Wanda yake so ya tsallake 1538 dole ne ya koma ga wasiyyoyi da takardun cinikin ƙasa da kundayen kotunan gandu.

Wajibi ne a yi bayanin abin da ake nufi da gandu a nan. A Ingila ta wancan zamani an rarraba karkara gunduma-gunduma, kowace a hannun wani ubangida, ko basarake ko gidan 'yan zuhudu ko sarki da kansa, kuma kowace tana da kotunta. Manoman da ke zaune a ciki iri biyu ne: 'ya'ya da bayin gandu. Bawan gandu ba irin bawan da ake kaiwa kasuwa ba ne, domin yana da gidansa da gonarsa da iyalinsa. Sai dai ba ya barin gandun sai da izini, yana yi wa ubangidansa aikin dole na wasu kwanaki sanannu, yana biyan kuɗi in zai aurar da 'yarsa, kuma a idon shari'a duk abin da ya mallaka na ubangidansa ne. Magatakardan kotun gandu yakan rubuta irin waɗannan biyan kuɗi, saboda haka layi guda a tsohon kundi yana iya zama hujjar bauta a kan jikan mutum bayan shekaru masu yawa.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe tsakanin sulusi da rabin jama'a, hannuwa suka yi ƙaranci, gonaki suka yi yawa, manomin da ya tsira ya sami damar faɗaɗa gonarsa. Sa'an nan a boren talakawa na 1381 masu bore sun riƙa neman kundayen kotunan gandu suna ƙonawa, domin sun san inda igiyar da ta ɗaure su take. An murƙushe boren Norfolk a kusa da garin North Walsham, 'yan mil kaɗan daga ƙauyen Paston. A cikin wannan yanayi ne sunan gidan ya fara fitowa fili.

3. Takardar Maƙiyi

Paston ƙauye ne a gaɓar tekun arewa maso gabashin Norfolk, kimanin mil 20 daga birnin Norwich, daura da gidan 'yan zuhudu na Bromholm. Mutumin farko da duk majiyoyi suka haɗu a kansa shi ne Clement Paston. Mafi cikar bayani a kansa ya fito ne daga wata takarda marar sunan marubuci, wadda aka rubuta bayan ɗansa ya riga ya yi suna. Kanun takardar ya yi kamar zai yaba wa asalin gidan, amma abin da ke cikinta gatse ne.

Marubucin ya siffanta Clement da cewa manomi ne kawai, wanda yake riƙe garma da hannunsa rani da hunturu, yana hawan doki ba sirdi ya kai hatsi maniƙa ya komo da gari a ƙarƙashinsa, yana kuma kora amalankensa zuwa Winterton ya sayar da hatsi. Ya ce gonarsa ba ta wuce eka 100 ko 120 ba, kuma mai yawa daga cikinta ƙasar bauta ce ta gandun Gimingham, ba shi da gandu nasa a ko'ina. Ya ƙara da cewa matarsa Beatrice baiwar gandu ce, 'yar'uwar wani Geoffrey na Somerton mai 'yar sana'ar lauyanci. A ƙarshe ya ce Clement yakan ci bashi don ya biya wa ɗansa William kuɗin makaranta, daga baya kawunsa Geoffrey ya taimaka masa ya koyi aikin shari'a.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, marubucin ya ɗora bautar ne a kan ƙasar Clement da kan matarsa, bai fito fili ya kira Clement kansa bawa ba. Wannan kuwa muhimmi ne, domin a shari'ar Ingila ta wancan lokaci ɗan halal matsayin ubansa yake bi, kuma ɗa yana iya noman ƙasar bauta ba tare da shi ya zama bawa ba. Watau marubucin ya shafa wa gidan baƙin fenti gwargwadon iyawarsa, amma ya tsaya daidai inda za a iya ƙaryata shi. Na biyu, adadin da ya kawo don ya ƙasƙantar da Clement shi ne yake ɗaukaka shi a idon mai nazari. Manomin da ake ganin ya wadata a ƙauyukan Ingila na wancan zamani kimanin eka 30 yake nomawa. Mai eka 100, da garma, da amalanke, da surukin da ya san ƙofar kotu, yana cikin manyan ƙauyensu. Clement ya bar wasiyya a rubuce a 1419, aka binne shi a cocin Paston, abin da ya yi daidai da wannan matsayi.

4. Makaranta, Ƙasa da Aure

An haifi William Paston a 1378. Ya yi aikin lauya ga birnin Norwich da Bishof ɗinsa da manyan lardin, har a 1429 aka naɗa shi alƙali a ɗaya daga manyan kotunan sarki a Landan. Abin da ya samu bai tara shi a akwati ba, ƙasa ya riƙa saye. Ya sayi gandun Oxnead, ya kuma sayi na Gresham daga hannun Thomas Chaucer, ɗan shahararren mawaƙin nan Geoffrey Chaucer. Bai yi aure ba sai a 1420, yana da shekara 42, lokacin da ya isa ya nemi 'yar manya. Ya auri Agnes, 'yar Sa Edmund Barry, wadda ta gaji gandaye uku daga ubanta. Babban ɗansu John, wanda aka haifa a 1421, an kai shi Kambirij, daga nan ya wuce koyon shari'a a Landan, aka kuma aura masa Margaret Mautby, magajiyar wani tsohon gida na kusa da Yarmouth, wajen 1440.

Wannan ita ce hanyar da gidan ya bi ya hau: ilimin shari'a ya kawo kuɗi, kuɗi ya sayi ƙasa, ƙasa ta buɗe ƙofar auren magajiya, magajiya kuma ta zo da ƙasa da tambarin gidan ubanta da dangi masu faɗa a ji. Kowane mataki yana da takardarsa da shekararsa. Ga mai bin salsala wannan babbar hujja ce, domin manyan gandayen da aka san gidan da su a ƙarni na 15 an san ranar da suka shigo hannunsa, ta ciniki ko ta aure, kuma duk a zamanin William ne ko bayansa.

A ƙauyensu kuwa ba a manta ba. William ya yi ta sayen gonaki a Paston yana haɗawa, ya kuma sami izinin karkatar da hanyar ƙauyen daga jikin gidansa. Bayan rasuwarsa a 1444, da Agnes ta sa aka gina katanga a kan tsohuwar hanyar, sai aka rushe ta, maƙwabta kuma suka riƙa tare ta da baƙar magana har a cikin coci. Ita da kanta ta rubuta wa ɗanta wannan labari. Mutanen da iyayensu suka yi noma kafaɗa da kafaɗa da Clement ba su ga dalilin da zai sa a toshe musu hanya don jin daɗin zuriyarsa ba.

5. Rigimar Ƙasa da Zargin Bauta

Muddin alƙali yana raye babu wanda ya taɓa dukiyarsa. Da ya kau, aka bar saurayi ɗan shekara 22 da gado mai yawa, sai masu ƙarfi suka taso. A 1448 Lod Moleyns ya ƙwace Gresham bisa wata tsohuwar da'awa, da goyon bayan wani lauya mai suna John Heydon. Margaret ta koma garin ta zauna a wani gida don kada da'awar mijinta ta mutu. A wata wasiƙa da ta aika masa Landan ta nemi ya sayo bakuna da kibau, a cikin wasiƙar dai ta nemi sukari da yadin da za a ɗinka wa yara riguna. A Janairun 1449 mutanen Moleyns, waɗanda John ya ce sun kai 1,000, suka fasa bangon ɗakinta suka fitar da ita. Sai a 1451 gandun ya komo.

Babbar rigimar ta zo ne bayan 1459. A shekarar nan Sa John Fastolf ya rasu, tsohon mayaƙin da ya tara dukiya a yaƙe-yaƙen Faransa, ya gina katafaren gida mai ganuwa a Caister, bai kuwa bar ɗa ba. Fastolf dangin Margaret ne, John kuma lauyansa ne. John ya ce gab da rasuwarsa tsohon ya yi wasiyya da baki, ya bar masa ƙasashensa na Norfolk da Suffolk, bisa sharaɗin ya biya wasu kuɗi ya kuma kafa gidan addu'a a Caister. Sauran masu riƙon wasiyyar, cikinsu har da Alƙali William Yelverton, suka ce ba haka aka yi ba. Daga nan John bai sake samun kwanciyar hankali ba. Sau uku aka tsare shi a kurkukun Fleet a Landan, kuma a 1465 mutanen Diyuk na Suffolk suka rushe gidansa na Hellesdon.

A tsakiyar wannan rikici ne aka zaro maganar asali. Gandun Gimingham, wanda aka ce Clement yana noman ƙasarsa, yana cikin gandayen gidan Lancaster da suka koma hannun sarki. Ke nan in aka tabbatar John bawan Gimingham ne, bawan sarki ne, kuma duk abin da ya mallaka, har da gadon Fastolf, na sarki ne. A farkon 1466 Anthony Woodville, Lod Scales, wanda 'yar'uwarsa ce matar Sarki Edward na Huɗu, ya shiga Norwich don ya kama kayan John da sunan sarki bisa wannan zargi. A nan za a ga cewa tambayar wane ne kakan wane ta wuce hirar zaure. A kanta 'yancin mutum da gonakinsa da makomar 'ya'yansa suka rataya.

John ya rasu a Landan a watan Mayun 1466, maganar tana nan ba a yanke ba. Aka ɗauko gawarsa zuwa Bromholm aka yi masa jana'iza irin ta manya. Lissafin kuɗin da aka kashe ya nuna cewa har sai da aka biya mai gyaran gilashi ya cire gilasai biyu daga tagar cocin don hayaƙin fitilu ya fita. Jana'izar da kanta amsa ce ga masu zargi, a gaban idon ƙauyen da zargin ya fito.

6. Salsalar 1466

Amsa ta shari'a ta zo bayan wata biyu. A watan Yulin 1466 Sarki Edward ya ba da sanarwa cewa babban ɗan mamacin da baffanninsa biyu, William da Clement, sun gabatar wa majalisarsa tsofaffin takardu da hatimai da kundayen kotu, kuma an gamsu cewa su 'yan asali ne, jinin manya tun zamanin cin Ingila. Bisa ga wannan salsala kakansu na farko wani ne mai suna Wulstan, wanda ya zo daga Faransa tare da ɗan'uwansa na gidan Glanville, gidan da ya kafa Bromholm a 1113. An kuma ce kakanninsu sun riƙe kotu a Paston tun fil azal, suna da bayin gandu nasu na kansu.

Masana tarihi na wannan zamani, cikinsu har da Colin Richmond wanda ya rubuta littattafai uku a kan gidan tsakanin 1990 da 2000, sun karkata ga cewa salsalar Wulstan ƙagaggiya ce. Hujjojin da suke nuna haka suna cikin tarihin gidan kansa. Gidan da yake riƙe da gandu a Paston shekara 400 ba zai bukaci alƙali ya yi ta sayen gonakin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya ba. Haka nan maƙwabta ba za su yi wa matar ubangidansu na gado irin tsayayyar da suka yi wa Agnes ba. Daɗin daɗawa, salsalar ta bayyana ne daidai lokacin da aka bukace ta, daga hannun mutanen da sana'arsu sanin takardu ce, ta kuma amsa kowane zargi da kishiyarsa: an ce bayi ne, ta ce masu bayi ne.

Abin da ya sa sarki ya karɓa ya fi kusa da siyasa. Uban da ya tara maƙiya ya rasu, ɗan kuwa bafade ne wanda aka san shi a fada. Amma da zarar hatimin sarki ya hau takarda, magana ta zama gaskiya a idon shari'a, ba a sake tayar da zargin da wani tasiri ba. Bayan an kafa ofishin masu kula da tambura da salsala a 1484, ma'aikatansa sun riƙa zaga larduna tsakanin 1530 da 1688 suna rubuta salsalar manyan gidaje, galibi bisa abin da masu gidan suka gabatar. A 1674 ɗaya daga cikinsu, Francis Sandford, ya tsara wa gidan Paston salsala wadda ta faro daga Wulstan. Wanda ya tarar da labari guda a takardu uku ko huɗu sai ya ɗauka shaidu ne masu yawa, alhali kuwa shaida ɗaya ce aka yi ta kwafa.

7. Tarkon Suna da Matan da Ake Tsallakewa

Ko bayan an tsallake rigimar asali, akwai wasu ramuka a gaban mai bincike. Na farko shi ne maimaita suna. John da Margaret sun sa wa 'ya'yansu maza biyu na farko suna guda, John, ɗaya an haife shi a 1442, ɗaya a 1444, dukansu kuma sun girma, dukansu sun sami lambar Sa. Masana sukan bambanta su da lamba: John na Biyu da John na Uku. Na Biyu shi ya gaji uban, ya rasu a 1479 bai yi aure ba. Na Uku shi ya tsare Caister da kimanin mutum 30 lokacin da Diyuk na Norfolk ya kewaye gidan a 1469, har yunwa da ƙarancin albarushi suka sa ya sallama. Gidan bai komo hannunsu dindindin ba sai bayan rasuwar Diyuk a 1476. Ta kan John na Uku zuriya ta ci gaba, ta aurensa da Margery Brews a 1477. Wanda ya haɗa mutanen nan biyu ya mai da su ɗaya, ko ya ɗauki ƙane a matsayin ɗa, ya ɓata lissafin salsalar baki ɗaya.

Na biyu shi ne mata. Salsalar da aka tsara don gado maza take bi, alhali kuwa a wannan gida mata ne suka kawo ƙasa mai yawa, su ne kuma suka tsare ta. Margaret kaɗai ta bar wasiƙu fiye da 100, waɗanda ta riƙa shibta wa magatakarda. Wasiyyarta ta 1482 ta nuna yadda take kallon kanta: ta ce a binne ta a Mautby tare da kakanninta, a kuma zana tamburan gidan ubanta a kan kabarinta.

Wasiyyar nan ta adana sunayen da salsalar gado ba ta damu da su ba. Ta ambaci Constance, 'yar da John na Biyu ya haifa ba da aure ba. Ta kuma bar fam 20 ga ɗan 'yarta Margery. Ita Margery ɗin a 1469 ta ɗaura alkawarin aure a ɓoye da Richard Calle, wakilin da yake karɓar musu kuɗin haya. Aka kai maganar gaban Bishof na Norwich, ya tabbatar da auren, uwar kuma ta hana ta shiga gida. Wanta John na Uku ya rubuta cewa ba zai yarda ƙanwarsa ta koma sayar da kyandir da mustad a Framlingham ba. Shekara uku ke nan kacal da wanke gidan daga zargin bauta, saboda haka ba abin mamaki ba ne auren ya yi musu ciwo. A daidai wannan zamani baffansu William ya auri Anne Beaufort, 'yar Diyuk na Somerset, wadda take jinin Sarki Edward na Uku. Jikan mai garma ke nan a gidan sarauta, tattaɓa-kunnensa kuma a gidan bara.

8. Daga 1504 zuwa 1732

John na Uku ya rasu a 1504. Ɗansa William ya auri Bridget Heydon, jikar lauyan nan da ya taya Moleyns ƙwace Gresham, aure ya kashe tsohuwar gaba. Daga nan salsalar ba ta da gardama: Erasmus, sai Sa William wanda ya rasu a 1610, sai Christopher, sai Edmund, sai wani Sa William, sai Robert, sai William na ƙarshe. Sunan Clement bai ɓace a gidan ba, domin wani Clement, jagoran jiragen yaƙi a ƙarni na 16, shi ya sake gina gidan Oxnead. Sa William na farkon nan ya gina babban rumbu a Paston a 1581, ya kuma kafa makaranta a North Walsham a 1606, wadda Horatio Nelson ya yi karatu a cikinta daga baya.

Robert Paston shi ya kai gidan ƙololuwa. A 1664 ya gabatar wa majalisa shawarar a ba Sarki Charles na Biyu fam miliyan 2 da rabi don yaƙi da Holan. Sarki ya ziyarci Oxnead a 1671, a 1679 kuma ya ba shi sarautar Earl na Yarmouth, wadda take hawa na uku daga sama a jerin sarautun gado na Ingila. Ɗansa William ya auri 'yar da sarkin ya haifa a waje. Amma ɗawainiyar sarauta ta fi ƙarfin gonakin. William ya rasu a 1732 bashi ya yi masa katutu, 'ya'yansa maza duk sun riga shi, sarautar ta mutu, aka sayar da ƙasashen.

A nan ma akwai abin lura. Babban reshe ne ya ƙare, jinin bai ƙare ba. Eleanor, 'yar William da Bridget, ta auri Thomas Manners, Earl na Rutland, kuma ta kanta masu sarautar Rutland suka fito. Wani ƙaramin reshe kuma ya kai sunan cikin gidan Bedingfeld na Oxburgh ta hanyar aure a ƙarni na 19.

Rushewar gidan ita ta fito da takardunsa. A 1735 Francis Blomefield, mai rubuta tarihin Norfolk, ya shiga ɗakin ajiyar Oxnead ya tarar da buhunan takardu. Wasiƙun suka yi ta sauya hannu tsakanin masu tara kayan tarihi har suka kai ga John Fenn, wanda ya buga kashin farko a 1787. James Gairdner ya sake bugawa daga 1872, Norman Davis kuma ya fitar da bugu na nazari a 1971 da 1976. Yawancin asalin takardun suna Laburaren Birtaniya a Landan.

9. Kammalawa

An ga yadda gida ɗaya ya sami salsala biyu a cikin ƙarni ɗaya, da yadda kowace ta fito daga hannun mai bukata. Ta maƙiyi ta fi kusa da gaskiya, amma an karkata ta don ta jawo ƙwace. Ta masu gida ta fi nisa da gaskiya, amma ita ce ta sami hatimin sarki, ita kuma aka yi ta kwafa fiye da shekara 200. Saboda haka tsufan takarda ko girman hatiminta ba su isa hujja ba. Kafin a karɓi salsala dole ne a tambayi wanda ya rubuta ta, da lokacin da ya rubuta, da rigimar da ake ciki a lokacin, sa'an nan a nemi takardun da ba su da ruwa da wannan rigima, irin su wasiyya da takardar ciniki da lissafin kuɗi da wasiƙar da mace ta aika wa mijinta tana neman yadin yara.

Da aka bi wannan hanya, abin da ya tabbata a kan gidan Paston shi ne manomi mai wadata, wanda ya ci bashi ya sa ɗansa a makaranta a shekarun da suka biyo bayan annoba, lokacin da tsohon tsarin gandu yake sassautawa. Daga kansa zuwa William na ƙarshe kowane mataki yana da shaidarsa. Abin da ke gabaninsa kuwa, Wulstan da zuwansa daga Faransa, ya fi amfani ga mai nazarin 1466 da bukatun mutanenta fiye da mai nazarin 1066.